Yaro ya ci ƙuli-ƙuli ya kumbura: a hana shi gyaɗa ko a riƙa lasa masa?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Yarona shekararsa biyu da rabi. Duk sanda ya ci abu mai gyaɗa sai borin jini ya feso masa, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ya yi ta susa yana kuka. Farkon abin kunun gyaɗa ne, leɓensa ya ɗan tasa, muka ɗauka ƙwaro ne ya cije shi. To shekaranjiya yayarsa ta gutsura masa ƙuli-ƙuli, kafin in idar da sallar la'asar idanunsa sun kumbura sun kusa rufewa, ya yi amai, ya kama tari, muryarsa ta dushe. Muka ba shi Piriton, zuwa bayan isha abin ya lafa. Yanzu Hajiya kakarsa ta ce rashin sabo ne, a riƙa lasa masa kaɗan-kaɗan kullum har jikinsa ya karɓa. Abbansa ma ya ce haka za a yi. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Baban Ikram: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Amma Maman Sadiq, ɗan Bahaushe ne gyaɗa za ta yi wa illa? Mu da aka yaye mu da kunun gyaɗa, kakanninmu suka tara dalar gyaɗa a Kano har duniya ta san mu da ita. Wannan lalurar Turawa ce. Ni zargina ƙulin ne, wataƙila da ruɓaɓɓiyar gyaɗa aka yi shi. Ku sauya wurin saye ku gani.

Hajiya Mai Ƙuli: Baban Ikram, tun ina amarya nake matsar mai, na san gyaɗar da ta yi funfuna, ɗaci gare ta, ana tsince ta a zubar. Ban taɓa ganin ta rufe wa yaro ido ba. Kuma ai yayar tasa ma ƙulin ta ci, me ya same ta? Ni na ga irin wannan a 'yar maƙwabciyata. Ita kam ko tunkuza ta taɓa ta shafi fuskarta sai wurin ya tashi. Iyayenta sun sha yawon neman maganin iska kafin a gane gyaɗa ce.

Anti Nas: Maman Sadiq, don girman Allah kar a ƙara ba shi ko ƙwaya ɗaya har sai likita ya gan shi. Borin jini kaɗai da sauƙi. Amma borin jini da amai da tari da dushewar murya a lokaci guda, maƙogwaronsa ne ya fara kumbura daga ciki. Allah ne ya tsare.

Abu Hanif: Ni a Ingila nake zaune, kuma ina ganin Hajiya kakarsa ba ta yi kuskure ba. A nan da can cewa ake yi a nisanta jarirai daga gyaɗa, yanzu an juya. An yi wani babban bincike a Landan mai suna LEAP, ya fito a 2015, ya nuna yaran da aka riƙa ba su gyaɗa tun suna ƙanana su ne suka fi tsira daga wannan alajin, wato jiki ya ƙi wani abinci ya riƙa yin bori da kumburi in an ci shi. Ga shi kimiyya ta dawo kan maganar iyayenmu.

Baban Ikram: Yauwa Abu Hanif, ka faɗi abin da ke raina.

Likitar Yara: Salamu alaikum. Maman Sadiq sannu, Allah ya ƙara masa lafiya. Abu Hanif, binciken da ka ambata gaskiya ne, amma ba a kan irin Sadiq aka yi shi ba, kuma a nan ne mutane ke zamewa.

Ga yadda abin ya faro. A 2008 Farfesa Gideon Lack na King's College da ke Landan da abokan aikinsa suka kwatanta 'ya'yan Yahudawa mazauna Ingila da na Isra'ila, suka tarar alajin gyaɗa ya ninka kusan sau goma a Ingila. Bambancin da suka gani shi ne jariran Isra'ila suna cin wani abin ƙwalama na gyaɗa mai suna Bamba tun kafin su shekara, na Ingila kuwa ana hana su. Daga nan suka ɗauki jarirai 640 'yan wata 4 zuwa 11, masu kirci mai tsanani ko alajin ƙwai, aka raba su biyu. Da suka kai shekara biyar, cikin waɗanda aka hana gyaɗa kusan kashi 17 cikin 100 sun kamu, cikin masu ci kuwa kusan kashi 3 ne kawai.

Amma kafin a saka kowane jariri sai da aka yi masa gwajin fata. Wanda fatarsa ta tashi sosai, alamar ya riga ya kamu, ba a saka shi cikin binciken ba. Wato rigakafi aka gwada, ba magani ba. Kamar katanga ce, kafin ɓarawo ya shigo ake gina ta. Jikin Sadiq ya riga ya ɗauki furotin ɗin gyaɗa a matsayin maƙiyi. Ya ƙera masa wasu sinadaran garkuwa da ake kira IgE, suna nan manne da wasu ƙwayoyin halitta a fatarsa da hanjinsa da hanyoyin numfashinsa. Da zarar gyaɗa ta shigo sai waɗannan ƙwayoyin su saki wani sinadari mai suna histamin da ire-irensa. Jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsiyaye zuwa cikin nama, shi ne kumburin da kika gani. Hanyar iska ta tsuke, shi ne tarin. Idan abin ya yi nisa jini ya yi ƙasa, yaro ya yi laushi ya suma. Wannan matakin shi ake kira anafilaksis, kuma abin da kika bayyana na shekaranjiya ya shiga cikinsa.

Baban Ikram, gubar funfunar gyaɗa, aflatoksin, matsala ce ta gaske a ƙasarmu, amma ita hanta take ci, galibi a hankali, kuma ba ta zaɓen wanda za ta taɓa cikin masu ci. Ba ita ce wannan ba.

Abu Hanif: Dakta na ji, amma ai a nan ma akwai asibitocin da ke ba masu alajin gyaɗar kaɗan-kaɗan. Ɗan abokin aikina ana yi masa. To mene ne bambancinsa da abin da kakar ta ce?

Likitar Yara: Bambancin yana cikin kalmar kaɗan ɗin, da kuma wurin da ake yi. Maganin da hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2020, Palforzia, garin gyaɗa ne da aka auna. Ana fara shi da rabin miligiram na furotin. Ƙwayar gyaɗa ɗaya tal tana ɗauke da miligiram 200 zuwa 300. Ka ga lasar tunkuza da yatsa ta ninka abin da likitoci ke farawa da shi sau ɗaruruwa. Sannan duk ƙarin da za a yi a asibiti ake yinsa, yaro na zaune gaban ma'aikata, allurar adrenalin na gefe. Da hakan ma wasu yaran sukan yi anafilaksis a dakatar. Kuma ba warkewa ake yi ba, ana dai ɗaga yawan abin da jiki zai iya jurewa idan an ci bisa kuskure, muddin ana ci gaba da shan maganin kullum.

Wani abin da nake so Abban Sadiq ya sani: yadda abin ya zo jiya ba ya nuna yadda zai zo gobe. Na kunu ya tsaya a leɓe, na ƙuli ya kai maƙogwaro. Ba wanda zai iya rantsuwa a kan na uku.

Baban Ikram: To Dakta, ba musu nake yi ba, amma me ya sa ba ma jin labarin a wajenmu? A ce ana mutuwa da gyaɗa da an sani.

Ɗan Zango: Ni ma abin da zan tambaya ke nan. A nan Kumasi miyar gyaɗa kusan kowane gida ana yi. Na taɓa jin an gwada 'yan makaranta a Ghana an samu da yawa suna da shi a jini amma suna cin gyaɗarsu lafiya.

Likitar Yara: Haka ne Ɗan Zango, binciken ya fito a 2013. An gwada jinin 'yan makaranta sama da 1,000 a Ghana, kusan kashi 17 cikin 100 jininsu ya nuna IgE na gyaɗa, amma da aka yi gwajin fata kusan kashi 2 ne kawai suka tashi, waɗanda suka ce gyaɗa na ba su matsala ma ba su kai haka ba. Masu binciken sun danganta abin da tsargiya. Tsutsar da ke sa fitsarin jini tana da wasu sinadarai masu kama da na tsirrai, sai garkuwar da jiki ya yi mata ta ruɗi na'urar gwaji. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don tsargiya tana nan a garuruwanmu masu madatsun ruwa da fadamu. Shi ya sa ba na son iyaye su je ɗakin gwaji da kansu a zana musu abinci ashirin a ce yaro ya daina ci. Abin da ya faru bayan yaro ya ci shi ne tushe, gwaji mai tabbatarwa ne, kuma likita ne zai haɗa su biyun.

Baban Ikram, a Ingila da Amurka ana ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 50 na da shi. Abin da muke gani a asibiti a nan bai kai haka ba, kuma ina kyautata zaton kunun gyaɗar da ka ce an yaye ku da shi yana cikin abin da ke kare mu. Amma ƙaranci daban, babu daban. Sannan ka tuna yaron da ya shaƙe ya suma bayan cin abinci a ƙauye, me za a ce? Za a ce iska ce, ko an ba shi wani abu, ko asma. Ba wanda zai waiwayi miyar taushen da ya sha.

Maman Sadiq: Innalillahi. Dakta jikina ya yi sanyi. To Piriton ɗin da ya yi mana aiki fa? In saya in ajiye da yawa?

Anti Nas: Bari in amsa wannan, don a ɗakin gaggawa nake aiki. Piriton ƙaiƙayi da borin jini yake kwantarwa. Ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi, kuma kafin ya fara aiki an ɗauki lokaci. Ga shi yana sa barci, sai uwa ta ga yaro ya yi shiru ta ce sauƙi ne ya samu, alhali laushi yake yi. Maganin anafilaksis ɗaya ne, allurar adrenalin a tsokar cinya ta waje, kuma da wuri. Yawancin waɗanda aka rasa jinkirin wannan allurar ne.

Ga alamun da in kin ga ko ɗaya bayan ya ci wani abu ba jira: numfashi da ƙyar ko da ƙara, tari ba ƙaƙƙautawa, murya ta sauya, harshe ya kumbura, yawu na dalala ya kasa haɗiya, ko ya yi fari fat ya saki jiki. Kar a tsayar da shi, kar a sa shi tafiya, kar a goya shi. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa a jingina shi a zaune ƙafafu a miƙe. A cikin adaidaita ma a riƙe shi a kwance a kan cinya. Kuma don Allah a bar ɗura manja da madara da ruwan gawayi. Yaron da maƙogwaronsa ya kumbura in aka ɗura masa abu huhu zai tafi.

Idan kin isa asibiti kar ki tsaya layin kati. Ki ɗaga murya ki ce yaro ya ci gyaɗa yana da alajinta, numfashinsa ya sarƙe. Ga 'yan uwana ma'aikata kuma, da masu kemis da ke cikin wannan zaure: hannunmu ya saba zuwa ga haidrokotizon da farko. Ba shi ne na farko ba. Adrenalin mai ƙarfin miligiram ɗaya a mililita ɗaya, a ba da 0.01 miligiram ga kowane kilo na nauyin jiki, kar ya wuce 0.5 ga babba, a tsoka ba a jijiya ba. In minti biyar ta wuce ba sauƙi a maimaita. Bayan ya farfaɗo ma a riƙe shi awanni, don wani lokaci abin kan dawo karo na biyu ba tare da an sake cin komai ba.

Abu Hanif: A nan ana so mai alajin ya riƙa yawo da EpiPen guda biyu, wato allurar adrenalin da aka riga aka ɗura aka auna, ko malamin makaranta zai iya soka wa yaro ta saman wando. Akwai mai miligiram 0.15 na ƙananan yara da mai 0.3 na waɗanda suka fi girma. A Amurka ma an amince da na fesawa a hanci a 2024. Ana samunsu a gida kuwa?

Anti Nas: Da wuya, sai a manyan kantunan magani na birane, ga tsada, ga shi yana da wa'adin lalacewa. Wanda ke da ɗan uwa a waje, likita ya rubuta a taho masa da shi. Wanda ba shi da hali, adrenalin na kwalba yana nan a asibitoci kuma ba shi da tsada. Wasu likitocin sukan koya wa iyaye yadda za su zuƙa su yi, su rubuta musu adadin daidai nauyin yaron. Amma sai an koya miki hannu da hannu, ba a zaure irin wannan ba, don kuskuren awo a adrenalin ba ƙarami ba ne. Kuma zafinmu yana lalata shi. Kar a bar shi cikin mota ko a rana. Ruwan ya zama garau, in ya sauya launi an zubar. Tun yanzu kuma ki san asibitin da ya fi kusa da ke wanda ke buɗe da dare.

Maman Sadiq: Na gode Anti. Matsalata yanzu Hajiya ce. Ba zan iya kallon idonta in ce a'a ba.

Hajiya Mai Ƙuli: 'Yata, ba ke za ki faɗa mata ba. Ki lallaɓi Abbansa ku je asibiti tare, in da hali a ɗauki Hajiyar a ce ta raka jikanta. Abin da likita ya faɗa a kunnenta ya fi naki shiga. Ita ma ƙaunarsa ce ta sa take so ya ci abin da kowa ke ci. In ta gane, ita za ta fi kowa tsare shi, za ki ce na faɗa miki.

Sai kuma in ja kunnenki a kan abin da na sani. Man gyaɗar da muke matsa a gida, in kin ajiye kwalba kwana biyu ki duba ƙasanta, za ki ga gari ya kwanta. Gyaɗa ce wannan. To da shi ake suyar ƙosai da awara da dankali a unguwa, da shi ake zuba wa ɗanwake da shinkafa da wake. Dakta ta faɗa mana ko shi ma da matsala.

Likitar Yara: Hajiya kin taɓo babbar magana. Man da kamfani ya tace sosai furotin ɗin da ya rage cikinsa ɗan mitsitsi ne, yawancin masu alajin ba ya taɓa su. Amma man ƙuli na gida, mai ƙamshin nan, yana ɗauke da furotin kuma yana iya tayar da abin. Tunda a kasuwa ba ka da tabbacin wanne aka ɗura a jarka, ga Sadiq a koma manja ko man waken suya ko wani mai na kamfani da aka rubuta abin da ke ciki. Dafawa ko suya ba ta kashe furotin ɗin. Bincike ma ya nuna gasasshiyar gyaɗa ta fi dafaffiya tayar da shi, amma dafaffiyar ma ba ta halatta gare shi ba.

Ɗan Mai Tsire: Ni gidanmu mahauta ne, bari in ƙara. Tsire ba ya yiwuwa sai da garin ƙuli. Kilishi kuwa labun da ake tsoma shi tunkuza ce. Ko balangu ka saya, yajin da za a barbaɗa maka akwai ƙuli, wuƙa ɗaya ce, faranti ɗaya ne, man da ake yayyafawa na gyaɗa ne. In mutum ya ce mini a cire masa ƙuli gaskiya ba zan iya ba shi tabbaci ba. Gara a sayi ɗanyen nama a gasa masa a gida.

Maman Ilham: A ƙara da injin markaɗe. Wata ta kai gyaɗar kunu, ke kina bayanta da kayan miya ko waken ƙosai, ɗan ruwa kawai mai injin zai watsa. Haka turmi da muciya da ludayi a gidan yawa. Sai miyar taushe, miyar zogale, kwaɗon rama, fate, dakuwa, kantu, da garin kunun yara da ake haɗawa da gyaɗa da waken suya. Biskit da cakulan kuma a riƙa karanta bayan leda.

Yaya Sani: Ni babba ne, shekarata ta haura talatin, da shi na tashi kuma har yau yana nan. Abin da ya fi ba ni wahala ba abincin ba ne, mutane ne. Ka je gidan surukai a kawo maka tuwo da miyar taushe, ka ce ba ka ci, sai a ga kamar raini ne. A wurin biki ka tambayi da wane mai aka yi, a ce ka cika iyayi. Akwai wanda ya taɓa zuba mini a ɓoye wai don ya nuna mini tsoro ne kawai, a gadon asibiti na kwana. Yanzu ba na jin kunya, tun kafin a zubo nake cewa likita ya hana ni gyaɗa, tana toshe mini numfashi. In ka ce likita an fi saurara. Matata ma ta daina ajiye ta a gida gaba ɗaya.

Dakta tambayata, me ya sa da azumi abin ya fi saurin kama ni? Ƙosan da a da zan ci in ji ɗan ƙaiƙayi a baki kawai, da azumi sai ya kai ni ga tari.

Likitar Yara: Yaya Sani, da farko ƙosan da ke sa maka ƙaiƙayi a baki ka bar shi, da azumi ko ba azumi. Abin da ka lura da shi kuma yana da tushe. Wani bincike da aka yi a Ingila kan manya masu alajin gyaɗa, wanda ya fito a 2019, ya nuna rashin barci yana rage yawan gyaɗar da jiki ke iya jurewa da kusan rabi, motsa jiki ma haka. Ka duba yadda barci ke raguwa da azumi, ga kunun gyaɗa da soye-soye a kowane faranti na buɗa-baki da na sadaka a masallaci. Zazzaɓi da magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen su ma suna ƙara tsananta shi. In kana da asma ka riƙe ta da kyau, don masu asmar da ba a kula da ita ba su suka fi shiga haɗari. In an taɓa ɗora ka a kan maganin hawan jini irin su atenolol ko propranolol, ka sanar da likitan kana da wannan alajin, don suna iya rage wa adrenalin ƙarfi.

Maman Sadiq: Wato shi ma Sadiq haka zai girma da shi?

Likitar Yara: Kusan yaro ɗaya cikin biyar yakan rabu da shi da kansa, sauran suna girma da shi. Ba a ganewa a gida ta hanyar gwadawa. Likita ne zai riƙa bibiya, in alamu sun nuna ya ragu a ba shi a asibiti ana kallo. Ki nemi a tura ku sashen yara na asibitin koyarwa ko babban asibitin da ke kusa da ku.

Ɗan Maraɗi: Lokotoro, ina da tambaya daga nan Nijar. Abincin tamowa na leda da ake ba yara a gidan likita, Plumpy'Nut, ai gyaɗa ce da madara da sukari da mai. Tun yunwar 2005 muka san shi a Maraɗi, ya ceci yara ba iyaka. Kar mata su karanta wannan zance su ƙi karɓa.

Likitar Yara: Allah ya saka da alheri Malam, wannan tsoron nawa ne ni ma. Kar uwa ta ƙi abincin tamowa saboda wannan hirar. Tamowa na kashe yaranmu fiye da alajin gyaɗa nesa ba kusa ba, kuma ba kasafai ake samun yaron da abincin ke tayar wa ba. A cibiyoyin, cin farko a gaban ma'aikaci ake yinsa. Uwar da ta san ɗanta na kumbura da gyaɗa ta faɗa tun a bakin ƙofa, akwai madarar asibiti ta F-75 da F-100 waɗanda babu gyaɗa cikinsu.

Maman Nur: Ni haihuwar fari ce, jaririyata watanta biyar, tana da kirci a kumatu da bayan gwiwa. Ina shafa mata man gyaɗa don fatar ta yi laushi. Yanzu na rikice, in daina cin gyaɗa tunda ina shayarwa? In hana ta in ta fara cin abinci?

Likitar Yara: Maman Nur, ke ki ci gyaɗarki, mai ciki da mai shayarwa ba a hana su. Amma man gyaɗar a fatarta ki daina yau. Tun 2003 wani bincike a Ingila ya gano alaƙa tsakanin shafa wa jarirai masu kirci man da ke da gyaɗa da kamuwa da alajin. Fahimtar masana ita ce idan furotin ya fara shiga ta tsagaggiyar fata jiki yakan ɗauke shi maƙiyi, idan ta baki ya fara shiga yakan karɓe shi abinci. Ki koma Vaseline marar turare, a kuma yi maganin kircin. Wanda ya ci ƙuli ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauke ta. Sanitaiza ba ta cire furotin ɗin, sai sabulu da ruwa.

Hana ta kuwa shi ne kuskuren da Amurka ta yi. A 2000 ƙungiyar likitocin yaransu ta ce masu haɗarin kamuwa a jira sai shekara uku, a 2008 suka janye, a 2017 aka fitar da sabuwar ƙa'ida ta a fara da wuri. Jaririn da ba shi da wata matsala, in ya kai wata shida ya fara cin abinci, a dama masa kunun gyaɗa mai laushi ko a narka tunkuza a ruwan ɗumi. Ranar farko da safe, yana da lafiya, a lasa masa a bakin cokali a jira minti goma, in shiru a ci gaba. Daga nan a riƙa ba shi kamar ƙaramin cokali biyu sau uku a mako, kar a fara a bari. Ƙwayar gyaɗa da gutsuren ƙuli kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara biyar ba, saboda shaƙewa. Taki tunda tana da kirci, in mai yawa ne ki kai ta a duba ta a cikin watan nan kafin ki fara, kar ki jinkirta.

Malamin Firamare: Mu a makaranta yara musayar abinci suke yi lokacin tara, ga masu tallan gyaɗa da kantu a bakin ƙofa. Ba mu da ma'aikacin jinya. Iyaye su taimaka su faɗa mana tun ranar rajista, a rubuce, da lambar da za a kira da asibitin da za a nufa. Malaman Islamiyya ma a faɗa musu, don can ne ake raba sadaka. Yaron kuma a koya masa tun yana ƙarami ya ce ba na cin gyaɗa, kuma ba ya karɓar abin kowa sai na kwanonsa.

Baban Ikram: To na ji bayani. Tambaya ta ƙarshe Dakta, gujiya da aya da riɗi da wake fa? Su ma duk a hana shi? Don in aka bi ta haka yaro ba abin da zai rage masa.

Likitar Yara: A'a Baban Ikram. Gyaɗa dangin wake ce da gujiya da waken suya, amma mafi yawan masu alajinta suna cin waɗannan lafiya lau. Aya ma ba danginta ba ce sam, saiwar ciyawa ce, sai dai a kula da dakuwa da kunun ayar da aka markaɗa a injin da aka yi gyaɗa. Duk abin da Sadiq ke ci yanzu ba ya yi masa komai, wake ne, awara ce da aka soya a gida, ƙwai ne, kifi ne, a ci gaba da ba shi, don daina ba shi ma na iya jawo sabon alaji. Waɗanda za a yi hattara da su su ne riɗi da yazawa da almon da ire-irensu, idan bai taɓa ci ba, don wasu masu alajin gyaɗa suna haɗawa da nasu. Waɗannan a bari sai an tambayi likitan da zai duba shi.